Yaya Bukar da Jirgin da Ban Aika Ba

Shekara takwas ke nan cif da muka kai yayana, Malam Bukar, makwancinsa a nan Haɗeja. A irin wannan lokaci ne, ruwan fadama ya fara ja da baya, ana yankan shinkafa, rabin masu zuwa gaisuwa da taɓo a ƙafa suke shigowa zaure. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in jujjuya shi, in ajiye. Bana kam na rasa inda zan ɓuya. Makon jiya kwamitin wasanni na shiyyarmu ya fitar da sunan kwalejin da za ta wakilce mu a gasar ƙwallon ƙafa ta kwalejojin ƙasa, kuma kamar kullum gari ya ɗauka. Wanda ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba ya zama alƙali. Ina zaune a bayan adaidaita na ji wani dattijo, wanda bai san ni ba, yana ce wa na kusa da shi, "Ai wannan ha'inci ba yau aka fara ba, tun zamanin Malam Bukar ake yin sa." Mutum ya shekara takwas a ƙasa, amma har yau da sunansa ake kafa misalin zalunci, alhali ni da ke zaune a kujerar nan na san ba shi ya yi ba.

Ga wanda bai san shi ba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Malamin motsa jiki ne, ya daɗe yana alƙalancin wasa, daga baya aka ba shi shugabancin kwamitin shiyya. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, ni kuwa Allah ya yi ni da baki da saurin hawa. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai tun ina yaro: idan kana zuba masa bayani sai ya ƙyale ka ka gama tas, har ka sha ruwa, sannan ya jefo maka tambaya ɗaya tak ya yi shiru. Wallahi gara ya zage ka. Ni ma ƙafarsa na bi, na zama malamin wasanni a wata kwalejin horar da malamai da ke cikin fadama, ta wajen Auyo. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ta yi laifin komai ba. 'Yan Fadama ake kiran ƙungiyarmu. Manyan abokan hamayyarmu kuwa wata kwaleji ce da ke kan jigawa, ta wajen Kaugama, waɗanda ake kira 'yan Tudu.

Sai na ɗan yi bayanin yadda ake zaɓen, don masu zagin kwamiti da yawa ba su san abin da suke zagi ba. Gurbi ɗaya shiyyarmu take da shi a gasar ƙasa. Kwalejoji kuwa suna da yawa, kuma a warwatse suke. Ga jarrabawa, ga hutu, ga damina, don haka ba a taɓa samun shekarar da kowa ya kara da kowa ba. Wannan ya buga wasa shida da ƙungiyoyin da ko riguna iri ɗaya ba su da su, wancan ya buga biyar da ƙarti. Idan aka ce a bi maki kawai, wanda ya dace da masu rauni shi zai tafi. Shi ya sa aka kafa kwamiti na mutum biyar, su duba maki, su duba su wa ka doke, su duba yadda ka doke su, sannan su kaɗa ƙuri'a. Aiki ne na neman baƙin jini. Duk wanda ka zaɓa, akwai garin da za a yi wata guda ana tsine maka.

Akwai kuma wata al'ada tamu ta mutanen fadama da ba ta cikin kowace takarda. Hanyar da ke shiga kwalejinmu tana da wani kwari da ruwa ke cinyewa duk ƙarshen damina. Mota takan tsaya a can tsallake, sai dai fito. Jiragen masunta ƙanana ne, ba sa ɗaukar ƙarti ashirin da jakunkunansu. Babban jirgi ɗaya ne a wajen, na Baba Ɗanjuma mai fito, kuma a gefenmu yake kwana. To tun kafin a ɗauke ni aiki, ƙa'idar da kowa ya sani ita ce mai masauki ke aika jirgi ya ɗauko baƙi. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya taɓa karyawa. Ka aika a ɗauko mutanen da suka zo doke ka, ka ba su ruwa, ka nuna musu wurin alwala, sannan ku shiga fili ku ci ƙaniyar juna. Takardar gasa kuwa abin da ta ce shi ne, duk ƙungiyar da ba ta bayyana a fili ba bayan rabin awa, an ba abokiyar karawarta maki uku. Makin ɓagas muke ce masa.

Shekara goma sha uku da suka wuce na samu ƙungiyar da ban taɓa samun irinta ba, kuma ban ƙara ba. Kyaftin ɗinmu Haladu ne, ɗan wani manomin shinkafa, yana shekarar ƙarshe. Ɗan gaba ne, gajere kakkaura, idan ya saka ƙwallo a gaba sai dai ka riƙe masa riga. Kuma yaro ne mai kunya, ko ya ci ƙwallo ba ya tsalle, sai ya sunkuyar da kai ya koma tsakiyar fili kamar wanda ya yi ɓarna. Bai taɓa wuce Kano ba. Tun farkon zango yake tambayata, "Malam, wai da gaske a can filin duk ciyawa ce, har bakin raga?" Mun buga wasa biyar, ba a doke mu ba. Saura ɗaya, da 'yan Tudu, a filinmu, ranar wata Asabar. Su ma ba wanda ya doke su, kuma gaskiya ƙungiyoyin da suka kara da su sun fi namu ƙarfi. Kowa ya san wanda ya ci wannan wasa shi zai tafi.

Ranar Laraba Haladu ya gurɗe a idon sawu wajen atisaye. Zuwa Juma'a ƙafar ta kumbura suntum, ko takalmi ba ya shiga. Ya ce zai buga haka, na dube shi na san ƙarya yake. Na wuni ina lissafin yadda 'yan Tudu za su yi mana kaca-kaca a gaban ɗalibanmu. Ban san lokacin da tunanin ya shigo ba, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, don shi ma ya gaji da ɗaukar kayan mutane. Bayan sallar Juma'a na hau babur na je bakin ruwa, na tarar da Baba Ɗanjuma yana toshe wata ɓula a jirginsa. Na ce masa an ɗaga wasan gobe, kada ya wahalar da kansa. Ya ce, "To madalla, Malam Idi, da ma ina son in leƙa gona." Tsoho ne da ƙwallo ba ta dame shi ba, bai tambaye ni komai ba.

Washegari 'yan Tudu suka iso tsallake tun da hantsi. Kocinsu ya kira ni a waya ya fi sau goma. Da na ɗauka na ce masa mai fito ya ce ruwa ya yi ƙarfi, ba zai saka rayukan ɗalibai a haɗari ba, ina nan ina lallashinsa. Abin da na faɗa wa shugaban kwalejinmu ke nan, shi na faɗa wa yarana, shi na faɗa wa alƙalin wasa, wanda ya kwana a gefenmu. Muka shiga fili cikin riguna, muka tsaya. Rabin awa ta cika, alƙali ya busa usur, aka rubuta mana maki uku. Ɗalibai suka ɓarke da ihu da kiɗan galan. Su kuwa 'yan Tudu suna can bakin ruwa cikin rana har azahar ta wuce, suna hango bishiyoyin kwalejinmu. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ci tuwo na ƙoshi.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, ina zaune a ƙofar gida sai ga babur ɗin Yaya. Ƙafar wandonsa duk taɓo, ya rataya wata babbar tarwaɗa a hannun babur. Da na ga kifin nan gabana ya faɗi, don na san a wace gaɓa ake samun irinsa. Ya miƙa wa iyalina kifin, ya zauna a tabarma, muka gaisa. Ni kuwa sai bakina ya kama aiki. Na ba shi labarin ƙarfin ruwa, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwan da aka saba bi, da yadda na yi ta roƙon mai fito. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba.

"Idi," ya ce, "ka aika da jirgi?"

Na ce, "Yaya, ai takarda ba ta ce dole sai na aika ba."

"Ban tambaye ka takarda ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce daga wajen Baba Ɗanjuma yake, kuma ya roƙi tsohon ya bar maganar a bakin ruwa. Na hau dokin zuciya, na ce yaron nan Haladu wannan ce damarsa ta ƙarshe, na ce 'yan Tudu sun je gasar ƙasa sau nawa mu ko sau ɗaya, na ce idan shi ba ya kishin fadamar da ta haife shi ni ina yi. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Jibi za mu zauna. Kana da yau da gobe ka je ka faɗa da bakinka." Ban je ba.

Abin da ya faru a zaman kwamiti daga baya na ji shi a bakin waɗanda suka halarta. Da farko Yaya ya nemi a sake buga wasan a wani fili da ke kan tudu. Aka ce babu lokaci, kwana biyu suka rage a aika suna, ga jarrabawa ta kama. Sai ya ce tunda ƙanensa ne kocin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, zai fita waje su huɗun su yanke. Ya fita ya zauna a gindin darbejiya. Aka yi ta ja-in-ja, biyu suka ce maki maki ne, wanda ba a doke ba kuma yake saman teburi shi zai tafi. Biyu suka ce 'yan Tudu sun doke manya, kuma ba a fili suka rasa wasan nan ba. Aka tashi biyu da biyu, dole aka kira shugaba ya raba gardama. Ya shigo, ya ce nasarar da aka samu a tsaye ba za a auna ta daidai da wadda aka zubar wa gumi ba, don haka ƙuri'arsa ta 'yan Tudu ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci jirgi ba, bai ambaci sunana ba.

Tabɗi! Ranar nan fadama ta kama da wuta. Aka ce ya sayar da mu. Aka ce yana neman a ce shi mai gaskiya ne, shi ya sa ya yanka ƙanensa a gaban jama'a. Aka ce hassada yake yi mini, don shi bai taɓa kai ƙungiya gasar ƙasa ba. Wannan ta ƙarshen ni na fara faɗarta, a ɗakin malamai, kuma ta yi farin jini. Yarana suka zauna a tsakiyar fili suna kuka, ƙarti da gemu. Na tsaya a kansu ina ba su haƙuri, ina cewa Allah zai saka mana.

Bayan mako biyu Haladu ya tare Yaya a bakin kasuwar kifi, yana ɗingishi. Yaron da ba ya iya haɗa ido da babba, ranar ya tsaya a gabansa. Mutane suka taru. Ya ce, "Malam, don Allah me muka yi maka? Mu muka kawo ruwa? Wasa biyar muka ci da ƙafarmu, na shida muka tsaya a fili, me ya rage mu yi?" Waɗanda ke wurin sun ce Yaya ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Ba ku yi mini komai ba, Haladu. Ku kam an cuce ku." Haladu ya ce, "To wa ya cuce mu?" Yaya ya ce, "Ni na kaɗa ƙuri'ar." Ya tura babur ɗinsa ya wuce. Daga ranar Haladu bai ƙara gaishe shi ba, kuma ba shi kaɗai ba.

Ni da shi muka shekara biyu sai gaisuwar Sallah. Matarsa, Yaya Asabe, wadda ta yi mini wanki da girki tun ina ɗan makaranta, ita ta fi kowa shan wahalar abin. A gidan biki ake yi mata habaici, 'yan uwanta na cikin fadama suka ɗauke ƙafa. Wata rana ta zo gidana da kanta, ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Idi, ka yi haƙuri da yayanka. Ni ma na ce masa bai kyauta maka ba, har muka kwana uku ba ma magana. Amma jininka ne." Ta ba ni haƙuri, jama'a. Ni kuma na karɓa, har da sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta ya yafe.

Yanzu idan na ga yadda ake yi nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Kwamiti ya zama mutum bakwai, akwai wata doguwar takarda da kwamfuta ke lissafa ƙarfin kowace ƙungiya, kowane wasa akwai mai ɗauka a waya. Kafin alƙali ya kai gida an yaɗa kuskurensa duniya ta gani. Ina jin wannan zai burge shi, don shi mutum ne mai son a gani da ido. Masu cewa a daina ƙuri'a, a ɗauki ƙungiyoyi huɗu na sama su kara da juna, su ma da ya goyi bayansu, don tun a wancan lokaci abin da yake kira ke nan. Sai dai na san zai ƙara da cewa ta biyar ma za ta yi kuka, kuma wani ne zai zauna ya ce ita ce ta biyar. Ba a tsere wa wannan kujera. Ko an kawo na'ura, mutum ne zai gaya mata abin da za ta ƙirga.

Abin da zai ɓata masa rai shi ne jirgi. An ɗaga hanyar tamu, an saka kwalbatoci, amma shekarar da ruwa ya yi yawa har yanzu yakan yanke ta. Sai dai yau ba mai aika wa kowa komai. Bayan rikicinmu aka rubuta sabuwar doka, cewa baƙi su iso kwana ɗaya kafin wasa, yadda za su iso kuwa matsalarsu ce. Doka ce mai kyau, ta rufe ƙofar gardama. Amma kocin yau idan ya ji abokin karawarsa ya maƙale a tsallake, agogo yake dubawa, kuma ba wanda zai ce ya yi abin kunya. Yaran da nake koyarwa kafin in yi ritaya ba su ma san an taɓa yin wata al'ada ba. Ni na kashe ta, da tafiya ɗaya a kan babur bayan sallar Juma'a.

Kada mai karatu ya ɗauka na zo in ce hukuncin Yaya ba shi da tabo. Har gobe akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da shi. Laifina ne, amma yara goma sha takwas aka hukunta, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da ni ya kamata a dakatar, a bar su su tafi da wani koci. Na faɗa masa haka a ciwonsa na ƙarshe, wata ranar da yamma, yana kishingiɗe a zaure, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. A lokacin mun daɗe da shiryawa, irin shirin 'yan uwa da ba a tone-tone. Ranar ce kaɗai muka taɓa maganar.

Ya ce, "Ka yi gaskiya. Na daɗe ina juya abin nan. Kowanne na zaɓa sai na cuci wasu yaran. Na duba ne na ga waɗanda aka riga aka cuta sau ɗaya, na ce ba zan ƙara musu na biyu ba. Ban sani ba ko na yi daidai. Allah ya sani."

Na ce, "To me ya hana ka faɗi abin da na yi? Da ka huta."

"Da na faɗa, korar ka za a yi, kuma ba uban da zai ƙara ba ka amanar ɗansa. Ni na riƙe ka, Idi, ba zan iya ba. Wannan kam son kai ne, na sani." Ya yi tari, ya huta. "Kuma maganar taka ce. Na ɗauka wata rana za ka faɗa."

Na ce zan faɗa. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu. Ranar uku Haladu ya zo gaisuwa, a lokacin ya zama malamin firamare a ƙauyensu. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Malam, Allah ya jiƙansa. Abin da ya yi mana na yafe masa, duniya da lahira." Zaure cike da mutane, ga dama ta zo har gabana. Na ce, "Amin, Allah ya yi maka albarka." Na ƙara shekara takwas a kan haka.

Me ya rage na Yaya Bukar? Bai bar gini ba, ba a saka wa ko benci sunansa ba. 'Yan Tudun da ya tura ma wasa biyu suka buga aka koro su, ba su kawo kofin da zai wanke shi ba. Alƙalan da ya horar suna nan, nakan gane su a fili, don su ne ba sa gudu zuwa wajen mai ihu. A wurina kuwa abin da ya rage shi ne na ga mutum ya zauna a kujerar da ba a tashi da farin jini, ya auna abin da ya sani, ya yanke, ya kuma yarda cewa hukuncinsa ya taɓa marasa laifi, bai taɓa cewa hannunsa tsaf yake ba. Ya yi adalci ga yaran wasu, ya yi mini sutura, kuma ya biya duka biyun da sunansa. Ina ƙaunarsa, ina jin kunyarsa, kuma na yi kewarsa ƙwarai. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa nauyin da ya ɗaukar mini ya zame masa sauƙi a ranar hisabi.

Kafin in aika wannan rubutu na ga bai dace Haladu ya tsince shi a jarida ba. Shekaranjiya na shiga mota na je ƙauyensu. Na same shi a gona ana bugun shinkafa, ya zama magidanci, har furfura ta fara leƙowa. Ya yi murna, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na gaya masa komai, tun daga ƙafarsa da ta kumbura har zuwa bakin ruwa. Ban taɓa yin magana gajeriya haka ba a rayuwata. Ya daɗe yana murza zangarniya a tafin hannu.

"Malam, da ka bar mu mun buga," ya ce. "Ko da ƙafa ɗaya. Ko da sun ci mu biyar."

Na ce haka ne.

"Shekara biyar ina ganin mutumin nan ina kau da kai. Ya taɓa tsayawa da babur zai rage mini hanya, na ce masa na fi son tafiya a ƙasa." Ya jefar da zangarniyar. "Har na zo gidansa ina cewa na yafe masa. To yanzu ni wa zan je in ba haƙuri?"

Ya tashi ya nufi gida ya wanke ƙafa, ya fito da babur ya ce in hau. Muka kama hanyar Haɗeja. Na ɗauka gida zai kai ni, sai na ga ya karya kwana ya shiga unguwarsu Yaya, ya tsaya daidai ƙofar gidan. Ina jin sautin turmi daga ciki.

Ya ce, "Sauka, Malam. Akwai wadda ta riga ni cancantar jin wannan magana. Ina nan ina jiran ka, idan ka gama sai ka raka ni maƙabarta."

Na sauka, na tsaya a bakin zaure na yi sallama. Daka ta tsaya. Yaya Asabe ta amsa daga ciki da fara'arta, ta ce, "Idi ne? Shigo mana, yau kuma sallama kake yi kamar baƙo?"